Yanar Ido: Ɗigo, Tabarau ko Aiki?

Wani daga Talatar Mafara ya ce an tallata masa ɗigon da ke narkar da yana, ko ya saya?

Malam, riƙe kuɗinka. Yana ba datti ba ce a saman ido. Madubin da ke can bayan baƙin ido ne ya yi hazo, galibi saboda shekaru, ciwon suga ko buguwa, shi ya sa gani ke dushewa, fitilar mota kuma ta kashe ido da dare. Babu ɗigon da ke wanke shi.

Abin da ke ƙona min rai shi ne yadda ake sayen maganin ido a kemis da bakin kasuwa ba takardar likita. Wasu kwalaben na ɗauke da dexamethasone ko betamethasone, wato magungunan kwantar da kumburi masu ƙarfi. Ja ya kwanta, ƙaiƙayi ya lafa, sai a yi ta ɗigawa wata da watanni. Wannan da kansa yana jawo yana, yana kuma tayar da hawan jinin ido mai cinye jijiyar gani, wadda in ta mutu ba ta dawowa. Ga masu zuba zuma da ruwan albasa. Ido ne fa!

Wani kuma ya tambaya ko tabarau na kasuwa zai yi: a farkon yana tabarau na taimakawa, amma wanda aka ba ka bayan gwajin ido. In ta yi kauri, ba gilashin da zai yi.

Wata baiwar Allah daga Gusau ta ce mahaifinta na tsoron aiki, ga mai sakiyar gargajiya ya yi musu araha.

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, yana na cikin makantar da ake warkarwa. Amma ki raba Baba da mai tsinke. Tura madubin yake yi ya faɗa cikin ido, daga baya kumburi, ƙwayar cuta ko hawan jinin ido su biyo.

Ki kai shi sashen ido na Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau. Za a auna suga da hawan jini, a kashe zafin idon, a cire madubin a sa na roba, yawanci cikin rabin awa. Kafin ki biya, tambayi ko kuɗin ya haɗa da madubin da magani. Bayan aiki kada ruwa ya shiga idon na mako 1, ba kwalli, ba murzawa, ɗigo kuma kamar mako 4 zuwa 6. Ki tambayi likita batun alwala da sujada. In zafi ya tsananta ko gani ya ragu, a koma asibiti a ranar.