Yadda wasannin Shakespeare suka iso gare mu

Ka tambaya ko Shakespeare, marubucin wasan kwaikwayo na Ingila, shi da kansa ya tattara wasanninsa ya buga su a littafi. A'a, malam. Ya mutu a 1616, kuma a lokacin rubutun wasa mallakar ƙungiyar 'yan wasa ne, ba marubuci ba. Sai a 1623 abokan aikinsa biyu, John Heminges da Henry Condell, suka fitar da kundin da ake kira First Folio a Landan, mai wasanni 36. Guda 18 ba a taɓa buga su ba, har da Macbeth da The Tempest. Ba don ƙoƙarin mutanen nan ba, da wataƙila sun salwanta.

Wahalar masu nazari ita ce bugu ya saɓa wa bugu. Wasan Hamlet kaɗai yana da tsoffin bugu uku mabambanta, na 1603 kuwa gajere ne ƙwarai.