Amsa ga Yaya: me ke cikin Home Alone ban da faɗe-faɗe?

Assalamu alaikum, jama'ar gida, barkanmu da yamma. Yaya, na saurari saƙonki na safe, inda kika ce jikokinki sun matsa miki lamba sai an kunna musu Home Alone a wannan hutun na ƙarshen shekara, kina tambaya ko akwai wani abin kirki a cikinsa ban da ihu da faɗe-faɗe, tun da fim ne na Kirsimeti kuma tsoho ne. Na kalle shi ya fi a ƙirga, don haka ki yi haƙuri da ni, amsar za ta ɗan yi tsawo.

Tsoho ne da gaske. A watan Nuwamba na 1990 ya fito a Amurka, John Hughes ne ya rubuta labarin, Chris Columbus ya ba da umarni. An kashe dala miliyan 18 wajen yin sa, ya tara sama da dala miliyan 470 a duniya, kuma sai da ya yi mako 12 a jere babu fim ɗin da ya fi shi kasuwa a gidajen sinima na Amurka. Kamfanin Warner Bros ne ya fara ɗaukar aikin, ya janye saboda yana ganin kuɗin sun yi yawa, sai 20th Century Fox ya karɓa. Allah kaɗai ya san yadda waɗanda suka janye suka ciji yatsa.

Labarin ba shi da wuyar riƙewa. Wani babban iyali ne a wajen birnin Shikago, mutum 15, manya 4 da yara 11, suka kwana gida ɗaya za su tashi zuwa Paris da safe. Autan gidan, Kevin, ɗan shekara 8, ya yi rigima da yayansa a wajen cin abinci, aka kore shi ɗakin can saman bene ya kwana shi kaɗai, shi kuma cikin fushi ya gaya wa mahaifiyarsa ba ya fatan sake ganin kowa daga cikinsu. Da safe ya farka ya tarar gida wayam.

Abin da ya fara burge ni, Yaya, shi ne yadda marubucin ya toshe duk ƙofar da mai kallo zai ce uwa ba za ta manta ɗanta ba. A daren rigimar madara ta zube kan takardun tafiya, uban yana goge tebur ya haɗa da tikitin Kevin ya zuba a shara bai sani ba, saboda haka a filin jirgi babu tikitin da ya yi saura balle a tambayi mai shi. Cikin dare iska ta karya reshen bishiya ya faɗa kan wayar lantarki, aka ɗauke wuta, agogon ƙararrawa bai kaɗa ba, kowa ya makara. Sannan da aka sa babbar yarinya ta ƙirga yara a gaban mota, ɗan maƙwabta ya zo yana leƙe-leƙe a cikin jakunkuna ya juya baya, ta ƙirga da shi, lissafi ya cika. Duk wanda ya taɓa kwasar yaran gida biyu zuwa biki a mota ɗaya ya san wannan ƙirgar ta kai da kai, kuma ya san ba ta da tabbas.

Yara kan ɗauka fim ɗin na ɓarayi ne, amma tarkunan da Kevin ya ɗana wa ɓarayi biyu masu son fasa gidan ba su zo ba sai can wajen ƙarshe. Mafi yawan lokacin an ɓata shi ne wajen nuna yaron da ya sami abin da ya roƙa. Da farko murna ce: ya yi tsalle kan gadon iyayensa, ya ci kayan zaƙi son ransa, ya kalli fim ɗin da aka hana shi. Shi ma wannan fim ɗin 'yan daba mai baƙi da fari da yake kallo ba tsohon fim ba ne na gaskiya, don wannan aikin aka ɗauke shi, kuma har yau akwai masu nemansa. Daga baya sai ga yaron yana wanki da kansa, yana zuwa kanti sayen sabulu da madara, yana shiga ɗakin ƙasa da yake tsoro, har ya kai ga roƙon kada a ba shi kyautar komai a bikin, a dai dawo masa da danginsa. Macaulay Culkin yana da shekara 10 lokacin da fim ɗin ya fito, kuma akwai wurare da yawa da shi kaɗai ne a gaban kyamara, ba abokin magana, amma ido ba ya gajiya da shi.

Ni kuwa da na girma, uwar nake kallo. Catherine O'Hara ce ta fito a matsayinta. Tana cikin jirgi a sararin sama ta tuna, kuma daga nan ba ta sake zama ba. A filin jirgin Paris ta miƙa wa wasu tsofaffi kuɗi da agogo da 'yan kunnenta don su bar mata kujera, ta bi ta Dallas, ta maƙale a wani gari da ake kira Scranton, daga ƙarshe ta shiga bayan motar kaya tare da wasu makaɗa da ba ta taɓa gani ba. Shugaban makaɗan John Candy ne, wanda ya yi dukan aikinsa a fim ɗin cikin yini ɗaya. Abin dariyar shi ne da ta iso gida safiyar Kirsimeti, ba a jima ba sai ga mijin da sauran yaran, waɗanda suka zauna suka jira jirgin da ta ƙi jira. Wahalarta ba ta rage mata ko awa ɗaya ba, amma ban taɓa jin wata uwa ta kalla ta ce da ita ce da ta zauna ba.

Sai tsohon nan maƙwabcinsu, Marley, wanda yara suka ƙulla masa cewa ya kashe iyalinsa da shebur ɗin kwashe ƙanƙara. Mu ma mun taso da irin wannan tsohon da ake tsallaka titi idan an hango shi, ba tare da kowa ya san laifinsa ba. A daren jajiberi Kevin ya haɗu da shi a coci, ya gane ashe mutum ne da ya yi shekaru ba ya magana da ɗansa saboda wata gardama, yana zuwa ne a ɓoye don ya ga jikarsa tana waƙa. Yaron ne ya ba shi shawarar ya kira ɗan nasa ko da yana tsoron a ƙi amsa masa. A nan ne, a ganina, fim ɗin ya fi sauran irinsa, domin zancen zumunci ne tsantsa, kuma shebur ɗin da ake tsoro shi ne ya ceci yaron a hannun ɓarayi.

Game da Kirsimeti da kika tambaya, gaskiya yana cikinsa daga farko har ƙarshe: bishiyar ado, fitilu, waƙoƙin bikin, da wannan zaman na coci. Kiɗan John Williams ne, har ya shiga takarar Oscar. Ba a yi wa'azi a ciki ba, amma yanayin bikin Kiristocin Amurka ne, kuma idan yaran sun tambaya sai a gaya musu haka.

To, sai ɓarayin, Harry da Marv. Joe Pesci, wanda aka saba gani a finafinan 'yan daba masu zubar da jini, shi ne gajeren mai haƙorin zinare da ya fara zuwa gidan cikin kayan 'yan sanda yana tambayar ranar tafiya. Daniel Stern shi ne dogon sakaran da ke toshe magudana ya bar famfo a buɗe a duk gidan da suka shiga, wai don su yi suna, abin da ya sa 'yan sanda suka gane kowane gida da suka fasa. Dariyar tana fitowa ne daga girman kansu: sun raina yaro, kuma kowane duka suka sha sai su ƙara taurin kai. Ƙaton gizo-gizon da aka ɗora a fuskar Stern ma na gaske ne.

A nan nake da gyara. Dutsen guga a goshi, gwangwanin fenti a fuska, ƙusa a tafin ƙafa, mariƙin ƙofa da aka gasa har ya yi ja, wuta a tsakar ka: a fim mutum yana tashi ya karkaɗe jiki, a zahiri kuwa wasu daga ciki sai dai a yi jana'iza. Haka kuma bakin Kevin ga mahaifiyarsa a farkon fim ba irin wanda za mu so a gidajenmu ba ne, kodayake fim ɗin bai bar shi ya ci bulus ba, sai da ya yi nadama. Saboda haka ki bar su su kalla, amma ki zauna tare da su, musamman ƙananan nan biyu masu gwada duk abin da suka gani, kuma kafin a kunna ki sa a ɗauke dutsen guga daga inda hannunsu zai kai. Bai kai awa biyu ba. Na farkon za ki nema, na 1990, domin na biyun da ya fito a 1992 kusan maimaici ne aka kai birnin New York, kuma dukan da ke cikinsa ya fi muni. A gaida yaran, a gaida mai gida.