Ɗan ƙanwata ya hana ni sakat

Assalamu alaikum Goggo, ya aiki? Na daɗe ina karanta shafinki, ban taɓa zaton ni ma zan rubuto ba.

Ɗan ƙanwata nake riƙo. Bayan abin da ya faru a Gwange bara na je Maiduguri na ɗauko shi, lokacin yana da shekara 4. Wallahi ban bambanta shi da nawa uku ba. Abin da suka ci shi yake ci, ɗinkin sallah iri ɗaya na yi musu, takalminsa ma ya fi na autata tsada. Amma Goggo yaron nan ya hana ni sakat. Kullum sai ya yi fitsarin kwance, kullum, alhali a hannun uwarsa tun yana ɗan shekara 2 ya daina. Katifa biyu ya ruɓar min. Gari na wayewa ni ce wanki, ni ce shanya, maƙwabta na leƙe ta katanga. In hadari ya haɗu sai ya shige ƙarƙashin gado, ruwa na fara dukan kwano ya hau ihu kamar ana yanka shi, duk wanda ya taɓa shi ya sha cizo. Har yanzu akwai shatin haƙoransa a hannuna. Malaminsu na islamiyya ya ce ba ya karatu, sai kallon ƙofa.

Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi duka, ba zan ɓoye miki ba. An yi tofi, ya sha rubutu, surukata ta kawo hayaƙi ta ce iska ce. Amma abin da ya fi ci min rai bakin mutane. Dangin ubansa da ko sabulu ba su taɓa aiko masa ba, su ne wai ina azabtar da shi, shi ya sa ya rame. Ni! Ni da ke tashi tsakar dare ina canza masa wando! Maigida ya ce in ba zan iya ba in mayar musu da ɗansu. Shi kuma yaron ko Inna ba ya ce min, sai dai ya dame ni da yaushe Ummansa za ta dawo daga Makka, domin abin da muka gaya masa ke nan tun farko don ya yi shiru. Jiya ma na kama shi ya jera kwalayen ashana a tsakar gida yana kwarara musu ruwan da na saya wajen ɗan garuwa. Na zane shi.

Na gaji Goggo. In mayar da shi ne, ko in zauna ana zagina a kan alherin da nake yi?

'Yarki daga Jekadafari, Gombe

Amsa:

Wa'alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan ƙanwarki. Ba ki fayyace ba, amma Gwange bara, na san ambaliyar watan Satumba na 2024 kike nufi, da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shigo Maiduguri da dare mutane na barci.

Ba zan ɗauki ɓangaren kowa ba. Dangin ubansa ba su kyauta ba, ke ma gajiyarki gaskiya ce. Sai dai duk tsawon wasiƙarki, kalma ɗaya ce ta tsaya min a wuya: Makka.

Kusan shekara guda yaron nan yana jira. Alhazan unguwarku sun tafi sun dawo a kan idonsa, watakila har an ba shi dabino da zamzam, tasa uwar shiru. Me zai kalla in ba ƙofa ba? Yaya zai ce miki Inna, alhali a ganinsa Umma na hanya? Kuma yaro a shekarunsa, in an tafi an bar shi, kansa yake ɗora wa laifin.

Iyaye, da ku duka nake. Mun mai da yi wa yara ƙarya kamar jinƙai. A hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, wata uwa ta kira ɗanta ta ce ya zo ta ba shi abu, dabino take nufi, Annabi (SAW) ya nuna mata da ba ta ba shi komai ba da an rubuta mata ƙarya. A kan dabino ke nan, ina ga mutuwar uwa.

Sauran abubuwan da kika lissafa ba iska ba ce, ba kuma rashin kunya ba. Firgici ne ya zauna masa a jiki. Ƙarar ruwa a kwano tana mayar da shi wancan daren, zuciyarsa ta hau bugawa, mai cizonki a lokacin bai ma san ke ce ba. Komawa fitsarin kwance bayan an daina abu ne sananne ga yaron da ya ga tashin hankali. Kwalayen ashanar nan kuwa gidajen unguwarsu ne. Labarin da bakinsa ya kasa bayarwa yake ba ki da wasa, kika amsa masa da bulala. A Amurka, masaniyar halayyar yara Alicia Lieberman da abokan aikinta sun tsara hanyar jinyar yara daga haihuwa zuwa shekara 5 a kan haka: a zaunar da yaro tare da mai riƙonsa da kayan wasa, ba yaron shi kaɗai ba, domin natsuwarsa tana hannun wanda yake kwana yake tashi da shi.

Ki zaɓi rana da hantsi, ba da dare ba, ki ɗora shi a cinya ki ce: "Umma ta rasu, ba za ta dawo ba, ba laifinka ba ne, ni ina nan." Kar ki ce barci ta yi. Zai yi kuka, zai sake tambaya gobe da jibi, ki ba shi amsa ɗaya. In kukan ya zo miki ke ma, ki yi. Ƙanwa kika rasa, amma a wasiƙarki katifa kawai na ga kin yi wa jimami.

In hadari ya taso ki jawo shi jikinki tun kafin ruwa ya sauko. Ki shimfiɗa leda a ƙarƙashin zanen gado, a daina yi masa gori gaban yara. Ki ba shi kofi ɗaya na ruwa da kwalayensa, ki tsuguna ki tambaye shi wa ke cikin gidan nan. Addu'a a ci gaba, hayaƙi da bulala a ajiye. Sannan ki kai shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe, likitan yara ya duba fitsarinsa da ramar nan, ki kuma nemi a haɗa ku da masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, ku biyu.

Batun mayar da shi kuwa, a'a. Ya riga ya rasa uwa ɗaya. Ki miƙa wa maigida wayar ya karanta da kansa, kuma ranar da za ki gaya wa yaron, ina so shi ma yana zaune a wurin.