Hukuncin Wanda Ya Mayar Da Mota Gidansa: Ƙasaru, Juma'a Da Tsarki

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina zaune a Houston ta jihar Texas a Amurka, aikina ta intanet nake yi. Kuɗin haya ya yi mini yawa, ina so in sayi irin motar nan da suke kira RV, mai ɗakin kwana da kicin da banɗaki, mu koma cikinta gaba ɗaya da iyalina da yara biyu. Ya halatta? Kuma tunda kullum a mota muke, ƙasaru za mu riƙa yi har abada?

AMSA: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Zama a irin wannan mota halal ne. A Suratun Nahli aya ta 80 Allah ya lissafa cikin ni'imominsa gidajen fatun dabbobi, waɗanda ba su da nauyin ɗauka ranar tashi da ranar sauka. Gidan da ake tafiya da shi ba baƙon abu ba ne a shari'a. Sai dai ɗan'uwa, tayoyin da ke ƙarƙashin gidanka ba su ne ke mayar da kai matafiyi ba. Tafiyarka da niyyarka su ake dubawa.

A mazhabar Imamu Malik ana ƙasaru ne idan mutum ya nufi tafiyar baridi huɗu kai tsaye, wato kilomita 80 da 'yan kai, kimanin mil 50 a ma'aunin allunan titin Amurka. Idan ka tashi daga Houston ka nufi San Antonio, tafiyar da ta haura kilomita 300, da zarar ka fita daga gidajen gari za ka mayar da Azahar da La'asar da Isha'i raka'a bibbiyu, ko da matarka da 'ya'yanka da tukwanenka duk suna tare da kai. Shehu Halilu a cikin Muhtasar ya ambaci matuƙin jirgin ruwa da ke tafiya da iyalinsa, ya ce yana ƙasaru. Hanbalawa sun saɓa, sun ce wanda jirginsa ne gidansa kuma ba shi da niyyar zama ko'ina, cikawa zai yi. Idan ka ɗauki wannan don kiyayewa ba laifi, amma fatawarmu a kan na farko take.

Abin da ke yanke ƙasaru shi ne niyyar zaman kwana huɗu cikakku, kuma nan ne masu wannan rayuwa suka fi kuskure. Ranar da ka iso bayan ketowar alfijir ba a ƙirga ta, haka ranar tashi. Ka iso zango ran Litinin da la'asar da niyyar tashi Juma'a da safe: Talata, Laraba, Alhamis, uku ke nan, kana nan kan ƙasarunka. Idan sai Asabar za ka tashi, sun cika huɗu, daga saukarka ka zama mazauni. To yawancin mazauna waɗannan motoci ba kullum suke bisa hanya ba. Wuraren ajiye su ana biya ne na dare, na mako ko na wata, kuma na wata ya fi sauƙi. A filayen gwamnatin tarayya na yammacin ƙasar, galibi kwana 14 ake yarda mutum ya yi a wuri ɗaya. Wanda ya biya kuɗin wata, ko ya sauka da niyyar cinye kwana 14 ɗin, ba shi da ƙasaru, kuma ba shi da rangwamen ajiye azumi.

Haka wanda ya tayar da mota bai nufi ko'ina ba, duk inda ya ga ya yi masa sai ya tsaya. Malamai sun haɗa hukuncinsa da na makiyayi mai bin ciyawa, irin yadda Fulani ke tashi da shanu: ba ya ƙasaru sai in ya san lallai zai cinye nisan nan kafin ya sauka.

Juma'a ita ce ta fi damuna a wannan shiri naka. Idan ka yi niyyar kwana huɗu a garin da ake Juma'a, ko a wurin da tsakaninka da masallacin bai wuce kimanin kilomita biyar da rabi ba, ta wajaba a kanka. Idan kana can cikin sahara ta faɗi, Azahar za ka yi. Amma faɗuwar wajibi daban, mutum ya tsara rayuwarsa yadda watanni za su shuɗe yaransa ba su ji kiran salla ba daban. Ka riƙa duba masallaci a taswira kafin ka zaɓi zango.

Sallar farilla kuwa a tsaya da mota a yi ta. Idan rufin bai kai ka miƙe sosai ba, ka shimfiɗa darduma a waje, don ƙarancin rufi ba uzurin salla a zaune ba ne ga mai lafiya. Alƙibla a mafi yawan Amurka arewa maso gabas take. A sake nemanta a kowane masauki, kuma daga wajen mota, saboda ƙarfen jikinta da wayoyin lantarki suna karkatar da allurar kamfas.

Sai tsarki. Motar tankuna uku gare ta: na ruwa mai kyau, na ruwan wanke-wanke da wanka, da na bayan gida. Na farko kaɗai ake alwala da shi. Akwai abu biyu da ke ɓata shi. Lokacin sanyi ana ɗura wani ruwa mai launin hoda a bututu don kada ya daskare ya fashe. Ruwan da ya fito da wannan launi ko ɗanɗano ba ya ɗauke hadasi, sai an zubar har ya fito garau. Haka in an wanke tanki da bilic, a ɗauraye har warin ya tafi. Tiyon ruwan sha kada ya taɓa yin aikin tiyon wanke tankin bayan gida.

Shi tankin bayan gida a bar shi a rufe har ya kai kashi biyu cikin uku. In aka bar shi a buɗe ruwan ya tsiyaye, ƙazantar ta taru ta daskare ta toshe. Ranar zubarwa a fara da shi, sannan a saki na wanke-wanke ya ɗauraye tiyon. A sa safar hannu, a ware tufa don wannan aiki, abin da ya fantsama najasa ne sai an wanke. Zubar da shi a gefen hanya ko kusa da rafi haramun ne, domin cutar da mutane ne. Fuskantar alƙibla a banɗakin motar ba komai, tunda rufaffe ne, hanin a kan fili yake. Ƙarancin ruwa kuma sunna ta magance shi: Annabi (SAW) yana alwala da mudu ɗaya, bai kai lita guda ba, yana wanka da sa'i zuwa mudu biyar. Kada ka yi taimama alhali akwai ruwa a tanki fiye da na sha, ko akwai famfo kusa.

Kafin duk wannan, ka zauna da maiɗakinka. Masauki haƙƙinta ne gwargwadon halinka da abin da ya dace da irinta, kuma aya ta 6 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana ƙuntata wa mata a wurin zama. In ba da son ranta ba, kuma za ta cutu, kada ka yi. Yara in sun kai shekara goma a raba musu shimfiɗa, ka lissafa gadajen tun kafin ciniki.

Cinikin ma a kula. Dillalan waɗannan motoci sun saba haɗa mai saye da bashin banki na shekara 10 zuwa 20 da kuɗin ruwa, wannan riba ce, tsadar haya ba ta halatta ta ba. Ka sayi ta hannu da kuɗin da kake da su, bayan an duba maka yoyon rufi da bututun gas, a kuma tabbatar na'urar gano hayaƙi mai guba tana aiki. Motar da kake kwana ciki babu zakka a kanta.

Allah ne mafi sani.