Me Ya Sa Jaruman Farisa Suke Da Fuskar Mongol A Zane?

Tambaya: Malam, na ga zanen jarumi Rustam a tsofaffin littattafan Farisa. Labarin na Iran ne tun kafin Musulunci, amma mutanen zanen idanunsu irin na Sinawa, wasu har da rawani. Yaya aka yi haka?

Amsa: Idonka bai yaudare ka ba. Littafin shi ne Shahnama, wato Littafin Sarakuna, wanda mawaƙi Firdausi ya kammala wajen shekarar 1010, baiti kusan 50,000. Amma kwafe-kwafen masu zane da suka iso mana sun zo ne bayan kimanin shekara 300, lokacin da Mongol ke mulkin Iran. Baƙi ne, kuma baƙon da ya hau gadon sarauta yana bukatar asali. Sai suka sa masu zane a birnin Tabriz na Iran suka ba tsoffin sarakunan cikin littafin fuskar Mongol da suturarsu, har da gajimare da duwatsu irin na zanen Sin. Mai kallo ya ga Faridun, ɗaya daga cikin sarakunan labarin, a karaga, ya ga sarkinsa.

Wannan dabarar ba ta mutu da su ba. A kwafin sarkin Iran Shah Tahmasp, wanda aka yi a Tabriz tun daga shekarun 1520, mai zane 258, za ka ga fadawan zamanin da sanye da rawani mai jan tsini a tsakiya, alamar gidan sarautar Safawi, wato gidan su Tahmasp. A ganina zanen fadar Gayumars, sarki na farko, na hannun Sultan Muhammad, babu na biyunsa: jama'a cikin fatar damisa, duwatsu kuwa in ka ƙura ido sai fuskoki su fito daga cikinsu. A 1568 aka kai littafin kyauta ga Sarkin Turkiyya Salim na Biyu, ka ga siyasa ke nan.

Rustam dai ba ya ɓacewa: rigar fatar damisa, kwalkwali mai kan damisa, ga dokinsa Rakhsh. Kuma in ka ga kogi baƙi ƙirin, da azurfa aka zana ruwan, tsufa ne ya dusashe ta.

Abin takaici, Ba'amurke Arthur Houghton da ya sayi kwafin Shah Tahmasp a 1959 ya farke ɗinkinsa, aka raba shafukan. Zane 78 na gidan tarihi na Metropolitan a New York, 118 kuma sun koma Iran a 1994.