An shirya mana yawon gonakin inabi a Shampen, ni kuma bana shan giya, ya zanyi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Wajen aikinmu zasu tura mu kwas na sati biyu a Paris, mu huɗu. Waɗanda suka gayyace mu sun turo jadawali, a ciki akwai wata Asabar da suka ce sun ɗaukar mana mota da ɗan jagora namu mu kaɗai, za'a kaimu yankin Shampen mu zaga gonakin inabi mu ɗanɗana abinda ake yi a wajen. Ni musulmi ne bana shan giya, ɗaya abokin tafiyar tawa ma haka, sauran biyun kuma suna sha. Wani yace min ai irin lemon nan ne mai kumfa da ake fasawa a wajen dina. Dan Allah me ake yi a irin wannan tafiyar, kuma ya zanyi kar in kunyata masu masaukinmu?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Bari in fara da gyara maganar wanda ya ce maka lemo ne, dan nan ne mutanenmu suke rufta. Wancan da ake fasawa a wajen biki ruwan inabi ne aka ɗura masa gas, kwalbar ce kawai tayi kama. Shampen na gaskiya giya ce, sinadarin sa maye dake ciki ya kai wajen kashi 12 cikin 100, wato ya ninka na giyar kwalba da ake sayarwa a mashaya fiye da sau biyu. Kuma a dokarsu ba'a yarda a kira wani abu da wannan sunan ba sai an yi shi a wannan yankin ta hanyar da aka gindaya, shi yasa na Sifaniya ake ce masa Cava, na Italiya Prosecco, kai ko na sauran sassan Faransa ɗin ma Crémant ake ce masa. Saboda haka babu wani shampen mara giya, duk kofin da aka miƙo maka a can da wannan sunan to ka san abinda ke ciki.

Toh yanzu ga yadda ranar take tafiya. Yankin yana gabas da Paris, tazarar kamar kilomita 150, a mota awa ɗaya da rabi zuwa biyu gwargwadon cunkoso wajen fita gari, in jirgin ƙasa ne mai sauri daga tashar Gare de l'Est minti 45 kana Reims. Direba zai ɗauke ku a otal da sassafe, sai dare ku dawo. Garuruwa biyu ne manya, Reims da Épernay, tsakaninsu tsauni ne mai daji, gangarensa duk inabi ne jere-jere har inda ido ya tsaya. Gonakin gaba ɗaya sun kai hekta 34,000 a ƙauyuka 319, kuma iri uku na inabi ne suka mamaye su, Chardonnay fari, sai Pinot Noir da Meunier baƙaƙe. Yawanci za'a kaiku babban kamfani ɗaya, irinsu Moët & Chandon da aka kafa a 1743 ko Ruinart na 1729 wanda shi ne mafi tsufa, sai abincin rana, sannan a kaiku gidan wani ƙaramin manomi da yake noma inabinsa ya sarrafa da kansa. A hanya sukan tsaya a ƙauyen Hautvillers inda kabarin Dom Pérignon yake, wani malamin coci da ya mutu a 1715, zaka ji wasu suna cewa shi ya ƙirƙiro kumfar, ba haka bane, aikinsa ya fi ƙarfi ne wajen gyaran noman da haɗa inabi na gonaki daban-daban.

Abinda yafi burge ni a wajen, kuma nasan kai ma zai tsaya maka a rai, yana ƙarƙashin ƙasa. Ɓangaren Reims da Épernay a kan dutsen alli yake zaune, farin alli mai laushi da zaka iya kankara da farce. A Reims tun zamanin Rumawa aka riƙa haƙo shi ana gini, ramukan suka rage, bakinsu ƙanƙane a sama amma ciki ya buɗe kamar babban ɗaki, wasu zurfinsu ya haura mita 30. Daga baya masu sana'ar suka haɗe ramukan da hanyoyi suka maida su ma'ajiya. A Pommery matakala 116 zaka sauka, in ka ɗaga kai sai ka hango haske ɗan mitsitsi can sama, bango kuma in ka dafa sai kaji danshi, hannunka ya fito fari fat. Sanyin ciki baya canzawa rani da damina, yana nan wajen digiri 10 zuwa 12, dan haka ka tafi da rigar sanyi koda a watan Yuli ne. A Épernay titi ɗaya kawai, Avenue de Champagne, hanyoyin dake ƙarƙashinsa sun haura kilomita 100. Lokacin yaƙin duniya na farko da Jamusawa suke ruwan bama-bamai a Reims, a cikin ramukan nan mutanen gari suka zauna, har makaranta aka yi wa yara a ciki. A 2015 UNESCO ta sa gangaren gonakin da gidajen da ramukan cikin wuraren tarihi na duniya.

A nan ɗan jagora zai yi muku bayanin yadda kumfar ke samuwa. Da hannu ake tsinkar inabin, doka ta hana inji, a ƙarshen Agusta zuwa Satumba. Daga kilo 4,000 lita 2,550 kawai aka yarda a matse. Ruwan sai ya fara zama giya mara kumfa, sannan a zuba a kwalba a ƙara masa suga da yis a toshe. Yis ɗin ya cinye sugan ya fitar da iska, iskar ta rasa hanyar fita sai ta narke cikin ruwan, ƙarfinta a cikin kwalbar ya kai kusan ninki uku na iskar tayar mota, shi yasa kwalbar take da kauri da nauyi. Dole ta kwanta aƙalla wata 15, in kuma ta girbin shekara ɗaya ce zalla to shekara 3. Zaka ga wasu alluna na katako masu huji-huji an soke kwalabe kai ƙasa, ana ɗan murɗa kowacce kullum har guggubin yis ɗin ya gangaro wuya, wannan dabarar a gidan Veuve Clicquot aka fito da ita wajen 1816 lokacin matar da ta gaji kamfanin bayan rasuwar mijinta. Sai a daskarar da wuyan a buɗe, guggubin ya yi tsalle ya fice, a cike gurbin da ɗan suga, in ƙasa da giram 12 ne a lita shi ne zaka ga an rubuta brut a jiki.

Duk wannan kallo ne da sauraro. Amma gaskiya ɗaya ce ɗan'uwa, ba zan ɓoye maka ba, zagayen nan duk shimfiɗa ce, inda aka nufa shi ne ɗakin ɗanɗano. Kowane gida in an hauro daga ramin za'a jera kofuna, biyu uku a babban kamfani, a gidan ƙaramin manomi ma har fiye, kuma mai gidan da kansa yake tsiyayawa yana kallon fuskarka. Wannan ne wajen da yafi wuya, dan ƙin karɓa daga hannun dattijon da ya gama zagayawa da kai gonar kakansa akwai nauyi, kuma mu kunya tana cin mu. Za kuma ka ji ana cewa ai ba sha bane, ka kurɓa ka juya a baki ka tofar a wani ɗan bokiti da suke ajiyewa. Kar wannan ya ruɗe ka, giya ce dai ta shiga bakinka. Maganar halaccin zama a teburin da ake sha kuwa, kasan akwai hani a kai, ka zauna da malaminka kafin ka tashi ku gama ta tun a gida, kar ka bari sai kofi yana gabanka sannan ka fara neman fatawa a waya.

Yanzu ga abinda yasa nake ganin kun yi sa'a. Tunda tafiyar taku ce ku kaɗai ba bas ɗin 'yan yawon buɗe ido bace mai mutum arba'in, jadawalin a hannunku yake, kuɗi masu yawa aka biya, ɗaruruwan yuro kan kowane mutum, kuma aikin ɗan jagoran kenan ya tsara ranar yadda ta dace da waɗanda ya ɗauko. Matsalar kawai shi ne in ba'a faɗa masa da wuri ba, saboda manyan gidajen sai an kama wuri tun makonni kafin ranar. Dan haka yau ɗin nan ka rubuta wa wanda ya turo jadawalin, gajere ba kwana-kwana, kun gode ƙwarai, mutum biyu a cikinku basa shan giya saboda addini kuma basa cin alade, kuna so a duba yadda za'a yi. Wallahi wannan ba abin kunya bane a wajensu, kullum suna karɓar direbobi da mata masu ciki da yara da waɗanda likita ya hana, gidaje da yawa suna ajiye ruwan inabi zalla saboda irin haka. Abinda yake ɓata musu rai shi ne a biya maka kuɗin ɗanɗano a gida biyu sannan ka zo kana noƙewa a ranar ba wanda yasan dalili.

Hanya biyu ce gabanka. In zuciyarka ta natsu da ganin gonaki da ramukan, sai ku shiga tare, in an zo ɗakin kofuna ku biyun ku fito waje ku jira ko direba ya zaga daku. In kuma baka son taka gidan da ake yin ta kwata-kwata, wannan ma ra'ayi ne mai ƙarfi kuma ina girmama shi, to a sauke ku a Reims a ɗauke ku da yamma, garin kaɗai ya isa wuni. Akwai babbar majami'ar da aka riƙa naɗa sarakunan Faransa, a nan aka naɗa Charles na 7 a 1429, na ƙarshe kuma Charles na 10 a 1825. Akwai ɗakin da Jamus ta sa hannu kan miƙa wuya ranar 7 ga Mayu 1945 a ƙarshen yaƙin duniya na biyu, a wata makaranta bayan tashar jirgi. Sannan wanda nafi so kaje, a lambun Parc de Champagne akwai gunkin tunawa da sojojin Afirka ta Yamma da suka tsare garin a 1918, waɗanda Faransa ta kwaso daga ƙasashen da ta mallaka. An kafa na farko a 1924 tare da ɗan'uwansa a Bamako, Jamusawa suka tumɓuke shi a 1940, aka sake yin wani, shugaban Faransa Macron da shugaban Mali na lokacin, marigayi Ibrahim Boubacar Keïta, suka ƙaddamar da shi a Nuwamban 2018. 'Yan jagora da yawa basa kai mutane can sai an tambaya, kai ka tambaya. Akwai masallaci babba a garin kuma, azahar da la'asar ba zasu gagare ka ba.

Abinci shi ne tarko na biyu, kuma ya fi kofin ɓuya. Abin alfaharin garin jambon de Reims alade ne, andouillette ma hanjin alade ne. Miyar kifi da ta kaza sau da yawa da shampen ɗin ake haɗa ta, dan haka ko kifi ka zaɓa ka tambaya me aka sa a miyar, ko kace a gasa maka a kawo ba miya. Akwai wani abin sha da suke cewa ratafia, launinsa kamar zuma, zaƙi cau, in an yi maka bayani za'a ce ruwan inabi ne, eh ruwan inabi ne amma an zuba masa barasa mai ƙarfi har ya fi shampen ɗin kansa bugarwa. Haka cakulan nan mai siffar murfin kwalba da ake sayarwa a shagunan tsaraba, cikinsa marc ne, ita ma barasa ce. In tsaraba kake so ka sayi biskit ɗin nan ruwan hoda na Reims, ƙwai ne da suga da fulawa, sai dai launin nasa daga wani ɗan ƙwaro ake samo shi, in kana da tsantseni a kan wannan sai ka duba takardar jikin kwalin.

Baka faɗi watan tafiyar ba. In Satumba ce zaku tarar da girbi, gonaki cike da ma'aikata da kwanduna, gwanin kallo, amma ƙananan manoma basu da lokacin baƙi. Daga Nuwamba zuwa Maris itatuwan ba ganye, sanyi da hazo, wasu gidajen ma rufewa suke. Mayu zuwa Yuli ya fi daɗin gani. Ka sa takalmi rufaffe mai kama ƙasa dan matakalar tana da santsi, in kuma akwai mai ciwon gwiwa a cikinku a faɗa tun yanzu a zaɓi gidan dake da lif.

Sai abu na ƙarshe, irin waɗannan masu masaukin sukan saya wa kowa kwalba ɗaya a matsayin kyauta a ƙarshen rana. Ka haɗa wannan ma a cikin saƙon naka, kace ku biyun a bar taku. Allah ya kaiku lafiya ya dawo daku lafiya.