Ku Tambaya Mu Amsa: Joshua, Usyk da Rigimar Masoya Damben Zamani

Tambaya daga wani mai karatu a Zariya: Malam, ni masoyin Anthony Joshua ne tun farkon tashensa, amma tun da Daniel Dubois ya shimfiɗe shi abokaina suke ce mini zamaninsa ya wuce. Shin zai iya sake ɗaukar kambun duniya, kuma idan aka haɗa shi da Tyson Fury wa kake gani zai yi nasara?

Amsa: Ɗan'uwa, abokanka suna da gaskiya a wani ɓangare, sai dai dalilin da suke kafawa ba shi ne ainihin dalilin ba. Ƙarfin naushin Joshua bai tafi ko'ina ba, domin a watan Maris na 2024, wata shida kacal kafin karawarsa da Dubois, ya kai Francis Ngannou ƙasa har sau uku a Riyad, ya kuma gama da shi a turmi na 2. Matsalarsa tana bayyana ne a daidai lokacin da shi kansa ya sha naushi mai zafi. A watan Afrilu na 2017, a filin Wembley na Landan gaban mutum 90,000, Wladimir Klitschko ya kayar da shi a turmi na 6, amma ya tashi, ya lallaɓa har numfashinsa ya dawo, sannan ya ƙarasa tsohon zakaran a turmi na 11. Wannan Joshuan ne jama'a suka ƙaunata, kuma tun daren da Andy Ruiz ya kai shi ƙasa sau huɗu a Amurka a watan Yuni na 2019 ba a sake ganinsa sosai ba. Gaskiya ne ya ƙwato kambunansa a Diriya ta Saudiyya a watan Disamba na shekarar, amma da damben nesa-nesa da kaffa-kaffa ya yi hakan, kuma tun daga nan yake kai-kawo tsakanin salo biyu, yana sauya masu horarwa, daga Rob McCracken zuwa Robert Garcia, zuwa Derrick James, zuwa Ben Davison.

Ka sake duba turmi na 5 na wasansa da Dubois a watan Satumba na 2024. Bayan ya sha faɗuwa tun daga turmin farko, Joshua ya samu ya kai hannun dama da ya girgiza Dubois, filin ya ɗauki sowa, sai ya kutsa kai yana neman kisa da naushin ƙasan haɓa alhali fuskarsa a buɗe take. Gajeren hannun dama ɗaya Dubois ya sako, wasa ya ƙare. Ɗan damben da aka haifa a 1989, wanda ya sha irin wannan bugu, yana iya doke mafi yawan 'yan ajin masu nauyi, amma a ganina komawarsa kan kambu ta dogara ne da wanda ke riƙe da shi, kuma muddin Oleksandr Usyk ne, wanda ya doke shi sau biyu, ban ga hanya ba.

Game da Fury kuwa, mutumin da ya sha sanar da ritaya yana dawowa, ra'ayina shi ne in wasan ya kai turmi 12, Fury ne zai ci da maki, saboda tsawonsa na sama da mita 2, da iya riƙe abokin karawa yana jingina masa nauyi har ya gajiyar da shi. Damar Joshua tana cikin turmi shida na farko. Fury yana faɗuwa, Deontay Wilder ya kai shi ƙasa sau huɗu a karawarsu uku, sai dai duk lokacin yana tashi, kuma nan ne bambancinsu yake.

Tambaya daga wani mai karatu a Maraɗi: Mu da muka saba da damben gargajiya mun san wanda ya yi kisa shi ne gwani. Ta yaya Oleksandr Usyk, wanda bai kai su Joshua da Fury jiki ba, ya doke kowannensu sau biyu ba tare da ya kashe ko ɗaya ba?

Amsa: Malam, ƙa'idar ce ta bambanta. A damben gargajiya da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, in kuwa an yi turmi uku babu kisa sai a raba. A damben zamani wasan kambu turmi 12 ne, kowanne minti 3 da hutun minti 1, kuma alƙalai uku suna zaune a gefe suna ba da maki turmi bayan turmi: wanda ya rinjaya ya sami 10, ɗayan ya sami 9, idan kuma an kai shi ƙasa yawanci a ba shi 8. Saboda haka mutum yana iya faɗuwa ya tashi ya ci wasa, kuma wanda ya fi tara maki a wajen alƙalai cikin minti 36 shi ne da nasara.

Usyk, ɗan ƙasar Yukren, bahago ne, kuma daga aji na ƙasa da na masu nauyi ya hauro bayan ya haɗe kambunansa huɗu a 2018. Makaminsa ƙafafu ne da numfashi. Yana ajiye ƙafarsa ta dama a wajen ƙafar hagun abokin karawa, ya riƙa taɓa shi da hannun gaba ba hutawa, ya kauce gefe kafin ramuwa ta iso, ta yadda ƙaton da ke gabansa zai yi ta juyawa yana neman inda zai kafa ƙafa ya kai duka. Zuwa turmi na 8 ko na 9 ƙaton ya gaji, shi kuwa lokacin yake ƙara wuta. Haka ya yi wa Joshua a Landan a 2021 da Jidda a 2022. Haka kuma ya faru a Riyad ranar 18 ga Mayu 2024, inda a turmi na 9 hannun hagunsa ya rikita Fury, ya yi ta tangaɗi daga kusurwa zuwa kusurwa, igiyoyin fili ne kawai suka hana shi zubewa, alƙalin tsakiya ya yi masa ƙirge, wanda ake lissafawa a matsayin faɗuwa. Wannan maki guda da aka zaftare ya yi aiki, domin alƙalai biyu sun ba Usyk 115 da 112, da 114 da 113, na ukun kuma ya ba Fury 114 da 113. Da wannan Usyk ya zama na farko da ya haɗe kambunan ajin masu nauyi tun bayan Lennox Lewis a 1999. A karo na biyu, a watan Disamba, Fury ya fi shi nauyi da kusan kilo 25, amma alƙalan uku duka suka ba Usyk 116 da 112. Masu cewa ba shi da hannun kisa kuma sai su tambayi Dubois, wanda ya kasa wuce turmi na 5 a Wembley a watan Yuli na 2025.

Tambaya daga wata mai karatu a Garwa: Mu a Kamaru har yanzu muna ganin an yi wa Ngannou coge a wasansa da Fury. Haka ne?

Amsa: Malama, takaicinku yana da tushe, tun da ɗan ƙasarku, a wasansa na farko a damben zamani, ya kai zakaran duniya ƙasa a turmi na 3 a watan Oktoba na 2023, kuma ɗaya daga cikin alƙalan ya ba shi nasara da 95 da 94. Amma kayarwa ɗaya maki biyu kawai take samarwa a wasa mai turmi 10, kuma a yawancin sauran turamen Fury ya ɗan fi shi yawan taɓawa da hannun gaba. Wasa ne da ya yi kusa ƙwarai wanda zai iya faɗawa kowane ɓangare, don haka ba zan kira shi coge ba.